Lemun Tsami a Hannun Baba

Iliya da Tabita, na san kun sha jin Goggonku Rifkatu tana cewa na kai kakanku Masar neman magani, na ɓuge da buɗe masa mashaya. Da dariya take faɗa, a gidan biki ko wurin zaman makoki, amma na san irin dariyar da ake lulluɓa wa magana don ta samu shiga. Ban taɓa tanka mata ba, don yayata ce, kuma don maganar ba ƙarya ce zalla ba. Akwai kwalba, kuma ni na sayo ta da hannuna. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ya zo kafin kwalbar da abin da ya biyo bayanta. Yanzu da na ajiye aiki, ido kuma ya fara gajiya, gara in rubuta muku kafin ya zama daga bakinta kaɗai za ku ji. Inda na manta zan ce na manta.

Kakanku, Baba Yohanna, ya ƙare ƙarfinsa ne a bayan kantar wani kulob na manyan ma'aikata a Kaduna, yana haɗa wa mutane abin sha. Shi kansa bai taɓa kai giya bakinsa ba, wannan zan iya tsayawa a kai. Duk da haka a gidanmu ba a maganar aikinsa. Mama, Allah ya ji ƙanta, daban take wanke farar rigarsa ta aiki, ta shanya a bayan ɗaki inda baƙo ba zai gani ba. A majami'a kujerar baya yake zama. Sa'o'insa duk an naɗa su dattawan ikilisiya, shi ba a taɓa ko ambatarsa ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Idan aka ce mana, me babanku yake yi, sai mu ce yana aiki a kulob, mu kama wata hira. Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana haka. Mun taso mun tarar da shirun a gidan, kamar yadda muka tarar da turmi.

Bayan rasuwar Mama ne ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗingishi, hannu ya ƙi. Da 'yan'uwa suka yi shawara aka tsaya a kan Alƙahira, aka ce ni zan je jinya, tunda ni ce na karanci haɗa magunguna, ni na san turancin likitoci. Na kawo dalilai da yawa, har da cewa kai Iliya ba ka daɗe da shiga makaranta ba, ke kuma Tabita ko magana ba ki gama iyawa ba. Babanku ya ce in tafi, zai riƙe gida. An ce wata biyu za mu yi. Mun kusa shekara.

Mun sauka a Hayyin Ashir, gidan Hajiya Zulai, wata Bakanuwa da ta zo ƙasar da mijinta mai karatun addini, ya rasu, ita ta zauna tana ba majinyata daga gida hayar ɗakuna. Na tafi da fargabar yadda za ta karɓe mu, mu da ba Musulmi ba. Ranar farko ta dubi ɗan gicciyen da ke wuyana, ta ce motar da ke zuwa majami'ar baƙaƙen fata a bakin titi take tsayawa, in tashi da wuri ran Lahadi don tana cika. Shi ke nan abin da ta ce. Falonta shi ne garinmu. Da yamma matan da ke jinyar mazajensu da iyayensu sukan taru, a tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da wani ya zo da ita a jaka, a yi ta kwatanta likitoci, a yi wa Larabcin juna dariya. Ran Juma'a ɗalibai su zo cin tuwo, su cika matattakala da takalma. Daga ƙofar gidan zuwa waje kuwa ni kurma ce kuma bebiya. Ina faɗa muku wannan ne don ku san nauyin abin da na bari daga baya.

Likitan gashin ƙashi ya gwada hannun Baba ya ce bai mutu ba, barci yake yi, amma barcin yana da iyaka. Idan watanni suka wuce ba a motsa shi ba, yatsun za su ƙage, kuma daga nan babu mai buɗe su. Ya ba shi wata jar ƙwallon roba ya riƙa matsawa safe da yamma. Baba ya karɓa da hagu, ya gode, muna isa gida ya tura ta ƙarƙashin gado.

“Baba, likita ya ce a matsa.”

“Uwata, ni yaro ne da za a saya min ƙwallo?”

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, Hannatu, kuma ban taɓa jin sunan a bakinsa ba.

“Ba wasa ba ne, Baba. Idan hannun ya ƙage fa?”

“In ya tashi me zai yi? Noma zai yi, ko dambe? Ki bar shi ya huta. Ya yi aikin da babu wanda ya gode masa.”

Daga nan ya juya wa bango fuska. Abinci sai na yi roƙo. Hajiya takan leƙo ta ce, Baba Yohanna, yau ma azumi ake? Ya ce mata, Hajiya, lada nake tara miki. Ta yi dariya ta fita, shi kuma ya koma ga bangonsa. Ni kuwa ina zaune ina kallon yatsun suna lanƙwashewa ciki a hankali, ina taɓa su kowace safiya in ji ko sun fi jiya tauri. Sun fi.

Mutanen Masar ba sa ajiye abinci ba lemun tsami a gefe, 'yan ƙanana masu siririyar fata, masu ruwa. Wata rana da azahar na kawo masa romon kaza a faranti da lemu biyu, na juya ina ninke kaya. Da na waiwayo sai na ga tafin hannunsa na dama a kan lemu ɗaya, yana murza shi a kan teburin gaba da baya. Ba da ƙarfi ba, kafaɗa ce take yin yawancin aikin, amma hannun ne, wanda ya yi watanni a kan cinya kamar ba nasa ba. Idonsa yana kan taga. Ina tsammanin shi kansa bai san yana yi ba. Na tsaya cik, ina tsoron ko numfashina zai dakatar da shi.

“Me kake yi, Baba?”

Ya duba ƙasa, ya janye hannun da hagu.

“Ba a yanka lemu sai an murza shi. Ruwan ya fi sauka.”

Washegari na sayo lemu cike da leda, da sukari, da ƙanƙara. Akwai wani gwangwanin ƙarfe mai murfi da aka ba shi kyauta ranar da ya bar aiki, irin wanda ake girgiza abin sha a ciki. Goggonku Rifkatu ce da kanta ta sa shi a jakarmu, ta zuba ƙwayoyin maganinsa a ciki don murfin yana kamawa sosai. Na juye ƙwayoyin a wani mazubi, na wanke gwangwanin, na jera komai a gabansa, na ce ya haɗa min lemu mai sanyi. Ya dubi kayan.

“Ina rom?”

Rom giyar rake ce, fara, kamar ruwa. Na san sunan ne kawai daga littafi.

“Baba, ai ba sai da ita ba.”

“Wannan jar ƙwallon ce kika sake kawo min, kin canza mata launi. Aikina kike so in yi, ko wasa kike so in yi? In aikina ne, sunansa dakiri, kuma da rom ake yi. In wasa ne, kwashe kayanki.”

Na kwashe. Na yi kwanaki ina juya maganar. Na tambayi likita ko ƙamshin kaɗai zai yi wa maganinsa illa, alhali na san amsar, ya ce in dai ba sha zai yi ba, ko fetur yake so ya girgiza in ba shi. Na buɗe Littafi Mai Tsarki ina neman aya, na sami wadda ta tsorata ni, na sami wadda ta sassauta min, na rufe. Na kira babanku, ya ce duk abin da na ga ya dace. Wannan amsar ba ta taimake ni ba. Abin da na kasa tsallakewa shi ne gidan ba nawa ba ne. Zan iya shigo da kwalba a ƙasan jaka babu wanda zai sani, amma ni mutum ce da idan na ɓoye allura sai in kasa cin abinci. Na sami Hajiya a kicin tana gyaran shinkafa, na faɗa mata komai, tun daga lemun har zuwa kulob ɗin Kaduna. Ita ce mutum ta farko da na taɓa gaya wa ainihin aikin ubana.

Ta ajiye tiren.

“Hannatu, da kin yi shiru kin shigo da abinki, da ban sani ba.”

“Na sani, Hajiya.”

“To me ya sa kika ɗora min?”

“Gidanki ne.”

“Gidana ne. Kuma babu lungun da ba a shimfiɗa darduma a cikinsa ba. Mijina a ɗakin da kuke ya sauke Alƙur'ani ban san iyaka ba. Ina son tsohon nan, Allah ya sani, amma ba zan iya ba. Ki yi haƙuri. Ki gwada masa zoɓo mana, ko tsamiya.”

“Na gwada abin da ya fi su kusa, ya ƙi.”

“To ki zaɓa, 'yata. Ba korarki nake yi ba.”

Ba korata ta yi ba, ina so ku riƙe wannan, domin ba na son wani ya zage ta a gabanku. Ita ce ma ta sa aka nemo mana ɗaki mai sauƙi a Hadayek el-Maadi, can wani ɓangaren gari, ta ƙulla min kuka da daddawa. Amma ranar da muka tashi ba ta sauko ba, kuma matan falo, da suka ji dalili, sun yi min sallama da idanu a ƙasa. Daga cikinsu ne maganar ta riga ni isa gida.

Ɗaki biyu ne a hawa na uku, taga tana kallon bangon wani gida, jirgin ƙasa yana wucewa har kofuna su yi ƙara. Maƙwabta 'yan Sudan ne da Habasha da Misrawa, mutanen kirki ina tsammani, amma gaisuwa ce iyakarmu. Sai in yini ban yi Hausa da kowa ba sai Baba, shi kuma a lokacin kalmominsa ba su wuce a'a da bari ba. Na tuƙa tuwo sau ɗaya, na ga yadda ya yi yawa a tukunya, ban sake ba. Ran Lahadi nakan kira gida. Kai Iliya kakan karanto min abin da aka koya muku. Ke Tabita, da aka kara miki waya a kunne sai ki yi shiru, in ji numfashinki kawai, daga baya ma kika fara cewa ba kya so. Nakan fito daga shagon wayar in tsaya a bakin titi kamar mai jiran mota, don kada in koma da wuri Baba ya ga fuskata.

Kwalbar a wani ɗan shago na saye ta a tsakiyar gari, mai ƙofa ƙunƙuntacciya. Na wuce shi na dawo, na sake wucewa, kafin na shiga. Na sa mai shagon ya sauko da kwalabe har ya gaji, ina duba hatimin murfi, ina ɗaga su ga haske, domin a aikinmu mun san abin da gurɓatacciyar giya take yi wa ido. Ya naɗe min a baƙar leda. A cikin jirgi na rungume ta a ƙirji, ina ganin kamar duk matan da ke taragon sun san abin da ke ciki. Na isa gida na dire ta a gaban Baba da wani irin fushi da ban san ina da shi ba. Ya sa na buɗe, ya sunsuna, ya gyaɗa kai.

“Ba laifi. To wa zai sha?”

“Kamar yaya wa zai sha?”

“Ni ba na sha. Ke ba kya sha. Ba a haɗa wa bango, Uwata. Sai da baƙo.”

Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka. Na bar gidan da nake da mutane, na sayi abin da ban taɓa zaton zan taɓa ba, yanzu kuma a garin da ban san kowa ba ana so in nemo wanda zai sha.

A ƙofar da ke kallon tamu akwai wani tsoho, Ustaz Murkus, Kibɗawi, wato Kirista ɗan asalin Masar, malamin makaranta da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ƙasashen waje. Na lura da gicciyen da aka zana masa a wuyan hannu, na kuma lura burodi ɗaya yake sayowa. Na sha tsayawa a ƙofarsa in ɗaga hannu in fasa. Ku duba lamarin: mace, baƙuwa, matar aure, ta ƙwanƙwasa wa namiji ƙofa ta ce ya zo ya sha giya. Ranar da na ƙwanƙwasa, na shirya jawabi da Turanci mai tsawo, da sunan cutar da bayanin jijiyoyi. Ya saurara har ƙarshe da ladabi, sannan ya ce, wato babanki yana gayyatata? Na ce e. Ya ce, ran Alhamis da la'asar, tamam?

Ran Alhamis Baba ya tashe ni da neman farar riga. Ya sa na goge ta, na ɓalla masa maɓallai har wuya, na aske masa gemu. Ya ce a sa kofin gilashi mai ƙafa cikin firji tun rana, domin abin sha mai sanyi ba ya shiga kofi mai zafi. Ya sa na dafa sukari da ruwa daidai wa daida har ya narke, na bar shi ya huce. Teburin guga muka ɗaga ya zama kanta. Ustaz Murkus ya shigo da kwat da laktaye, kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya zauna a kujera ɗaya tak da muke da ita. Baba yana tsaye a bayan teburin, ya jingina da bango. Rabon da in gan shi tsaye haka da son ransa tun Kaduna.

“Barka da yamma, ranka ya daɗe. Me za a kawo?” in ji Baba da Hausa.

Na fassara. Ustaz Murkus ya ce duk abin da maigida ya ga dama.

Awo ni aka bar wa, don hannun hagu ba ya tsayawa daidai. Akwai ɗan ƙaramin kofin awo da yake kira mudu. Mudu biyu na rom, ɗaya na ruwan lemu, na sukari kuma kada ya cika mudu. Na durƙusa ina duba layin da idona, yadda aka koya mana.

“Dubi yadda take yi kamar za ta ba jariri,” ya ce wa baƙon, wanda bai ji ko kalma ba amma ya yi dariya. “Haka ake so. Ni da ita sana'armu ɗaya, ita dai an ba ta takarda.”

Lemun shi ya murza, ni na yanka, ya ɗora rabi a yatsun dama ya rufe su da na hagu ya matsa. Ɗigo kaɗan ya fito, gumi ya keto masa. Na ƙarasa matsewa ba tare da na dube shi ba. Aka cika gwangwani da ƙanƙara, ya rufe, ya ɗaga shi da hannu biyu zuwa kafaɗa. Girgiza ta farko, ta biyu, sai hannun dama ya saki. Murfi ya yi tsalle, ƙanƙara ta watsu har ƙarƙashin gado, farar rigar ta jiƙe, ɗakin ya cika da ƙamshin lemu da rake. Na ce a raina shi ke nan, gobe zai koma ga bango, kuma wannan karon ba ni da sauran abin da zan kawo.

Ustaz Murkus ya ciro hankici ya goge takalminsa, ya miƙe, ya gyara kwat.

“Ma'alish,” ya ce, wato ba komai. Sannan da Turanci, “Ki gaya masa ban sha ba tukuna. Ina nan zuwa Alhamis mai zuwa.”

Na gaya masa. Da safe ina shara sai na ji Baba ya ce,

“Uwata, jar abar nan ta likita, kin taho da ita?”

Na taho da ita. Ni ba na yar da komai.

Ya matsa ƙwallon nan har fentinta ya koɗe. Ya girgiza gwangwani da busasshen wake a ciki, safe da yamma, har maƙwabciyarmu ta ƙasa ta aiko a tambaya ko lafiya. Alhamis ta biyu ni na tallafa masa gindin gwangwanin. Ban tuna ko a ta huɗu ko ta biyar ba ce ya ce in matsa gefe. Ya girgiza shi kaɗai, da ƙarfi, har ƙarfen ya yi fari da raɓa, ya ce idan sanyi ya fara cizon tafin hannu, ya yi. Ya tace cikin kofin nan mai sanyi, ba ƙanƙara ko ɗaya, ruwan ya fito fari-fari da 'yar kumfa a sama, ya tura shi gaban baƙo da yatsun dama. Ustaz Murkus ya kurɓa, ya rufe ido, ya yi wata doguwar magana da Larabci da ban gane ba. Baba ya ce ba sai na fassara ba, ya ji. Kofi ɗaya yake ba shi, ba ƙari, ko ya roƙa. Sai su zauna su yi ta hira, wannan da Hausa, wancan da Larabci, ni ina wanke kaya a kicin ina jin dariyarsu. Na yi murna, kada ku ce ban yi ba. Amma ina tsaye a bakin famfo nakan ga cewa Baba ya sami aboki, ni ce dai har yanzu ban da kowa.

Ana saura kaɗan mu dawo gida, wata ranar Talata, aka ƙwanƙwasa. Hajiya Zulai ce, tana haki saboda matattakala, da jaka a hannu. Ta ce ta ji a asibiti an sallami Baba Yohanna, ta ce bari ta gani da idonta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen ɗakin.

“Ina abar take?”

“Tana cikin kabad, Hajiya, a rufe.”

“To ta zauna can.”

Ta shigo. Baba ya miƙa mata gaisuwa da hannun dama a ƙirji, ya buɗe yatsun ya rufe don ta gani. Ta ce Allahu Akbar, ta zauna, ta goge ido da gefen mayafi. Sai ya ce, baƙo ba ya shigo masa ya fita da ƙishi, me za a kawo? Ita kuwa ta buɗe jakarta ta fito da lemun tsami, da kofinta na silba, da wata 'yar kular abinci mai murfi.

“Na san halinka, shi ya sa na zo da shirina. Ba a gwangwaninka ba, ba a kofinka ba, wuƙar ma a wanke ta a gabana. In ka iya, bismilla.”

“Hajiya, an yi wa waɗanda suka fi ki tsanani.”

Ya murza lemun, ya matse shi da hannun dama shi kaɗai, ya ƙara ruwan sukari da ɗan ruwa, ya cika kular da ƙanƙara, ya girgiza ta a kafaɗa kamar gwangwanin zinariya. Ta sha, ta ce wannan ai ya fi na masu shago, ta miƙa kofi a ƙara. Ita ya ƙara mata. Ta yini tare da mu, muka tuƙa tuwo, na yi Hausa har muƙamuƙina ya gaji.

Da na raka ta na dawo, na tarar yana goge teburin guga.

“Baba, ashe ana yi ba rom?”

“Ana yi mana. Rabin alhazan kulob abin da suke sha ke nan.”

“To me ya sa ka ce min sai da ita? Ka san abin da na bari a Ashir?”

Ya ci gaba da gugar teburin.

“Na sani. Na ji kukanki a banɗaki.” Ya ninke tsumman. “Na tsufa ina wannan aiki, babu wanda ya taɓa cewa, Baba, yaya ake yi? Rigata ma a bayan ɗaki take bushewa. Na ce kafin in mutu, ko mutum ɗaya daga cikin gidana ya tsaya kusa da ni ya gani, duka, ba rabi ba. Ke aka aiko.”

Ban san abin da ya kamata in ji ba, kuma har yau ban gama sani ba. Wani lokaci nakan ce ya yi min tsada da yawa. Ke Tabita, ranar da muka sauka kin ɓuya a bayan babanki kina tambaya wace ce wannan, kuma watannin da na yi a Hadayek suna cikin abin da ya jawo haka. Wani lokaci kuma nakan tuna cewa ya rayu shekaru bayan nan yana cin tuwo da hannunsa na dama, da shi kuma ya riƙe ki ya kai ki makaranta ranar farko. Ban iya auna waɗannan biyun a mudu ɗaya ba.

Sauran kwalbar Ustaz Murkus muka bar wa. Gwangwanin yana cikin kabad ɗina, bayan faranta, kun sha ganinsa kuna zaton na ajiyar wake ne. Ranar da kuka zo, ku taho da lemun tsami masu siririyar fata, ku tambaye ni yadda ake yi. Ni kaɗai na rage a gidanmu da na sani.